Ina son karanta littafin wata marigayiya a YouTube, wurin wa zan nemi izini?

Maman Ilham, Funtuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na jima ina leƙo wannan zaure ina karanta abin da ake tattaunawa, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai larura ta koro ni, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Goggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina aji ɗaya na firamare har ta kai ni ɗakin miji. Malamar makaranta ce, ta yi ritaya. Shekara huɗu ke nan da hawan jinin ido ya raba ta da ganinta, na hagu ya fara, na dama ya bi shi. Ita kuwa mace ce da ba ta runtsawa sai ta karanta ko da shafi biyu ne. A ƙarƙashin gadonta akwai wata tsohuwar adaka cike da littattafan hikaya bugun Kano da ta riƙa saye tun shekarun 1990, wasu bangonsu ya rabu ta ɗinke da zare da allura. Da idon ya tafi sai na mayar da shi aikina, bayan la'asar in je in zauna bakin gadon in karanta mata. Ranar da ɗinki ya tsare ni, sai in bari yara su kwanta, gari ya yi tsit, in ɗauki muryata a waya in tura wa jikarta ta kunna mata da safe.

Akwai guda ɗaya da ta fi ƙauna, mai kashi uku, wata mata ce ta rubuta shi, an buga shi a 1996. Na karance shi kaf a waya, ya ci kusan awa bakwai. To jikar tata ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta jefa a wani zauren WhatsApp na mata, daga nan ban san inda ya bi ba. Watan jiya har daga Maraɗi wata baiwar Allah ta nemi lambata ta kira ni, wai a taimaka mata da kashi na uku. Yanzu kowa cewa yake in buɗe tasha a YouTube. Ba zan ɓoye muku ba, ina so, kuma ina son ɗan abin da za a samu, don ɗinkin ba kullum yake kawowa ba.

Da na kai wa Goggo maganar, sai ta juyo da fuskarta inda take jin muryata ta ce, "Kin tambayi mai shi?" Na ce ai an ce ta rasu tun 2011. Ta ce, "To ba ta bar kowa ba ne?" Tun ranar maganar nan ta tsaya mini a rai.

Na buɗe bayan bangon na duba. An rubuta "Haƙƙin mallaka (m)" da sunan marubuciyar, a ƙasa kuma an ce ba a yarda a sake buga shi ko a juya shi ta kowace hanya ba sai da rubutaccen izini. Adireshin da ke ciki na wani shago ne a kasuwar Sabon Gari, lambar wayar kuma irin ta girke ce mai farawa da 064. Na roƙi ƙanen maigidana da ke karatu a Kano ya je ya duba, aka ce masa layin nan gaba ɗaya ya tafi a gobarar 2016.

Don Allah masu sani, wurin wa zan je? 'Ya'yanta, ko mijinta, ko mai shagon in yana raye? In na same su me zan ce, nawa ake bayarwa? Sannan wanda na riga na yi wa Goggo, na ɗauki alhaki ne?

Sadiq Mai Kyamara

Anti, ki ɗora abinki kawai. Ki rubuta sunan marubuciyar a ƙasan bidiyon, ki ce ba ke ce mai littafin ba, ki yi mata addu'a, shi ke nan. Haka kowa yake yi. Littafin da ya kusa shekara talatin, mai shi ta rasu, shagon ya ƙone, wa zai biyo ki? Ni a ganina ma alheri za ki yi mata, domin yaran yanzu ba wanda ya san sunanta. Makirfo mai kyau kawai za ki nema, sai ki sa ɗan kiɗa a ƙasa-ƙasa.

Hajiya Mai Alƙalami, Kano

Sadiq ɗana, wannan maganar taka na sha jin ta, kuma duk ranar da na ji sai raina ya sosu. Bari in gaya maka yadda irin littafin nan yake zuwa duniya, don ni ma a wancan zamanin na fara.

Littafina na farko ya fito a 1994. A littafin rubutu na 'yan makaranta na rubuta shi, guda biyar, da fitilar ƙwai, ina goyon ɗana na biyu. Da zan kai wa mai bugawa a kwamfuta sai da na sayar da 'yan kunnena na zinariya na lefe. Babu kamfanin da ya ɗauki nauyinmu. Mu ne marubuta, mu ne masu sayen takarda, mu ne masu biyan maɗaba'a. In an gama sai a ɗaure a kai wa 'yan kasuwa bashi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan, wani sai ka yi sawu goma kafin ya sallame ka. Wannan baiwar Allah da Maman Ilham take magana, ko ban san ko wace ce ba, na san abin da ta sha.

Shekara huɗu da suka wuce 'yar ƙanwata ta shigo da waya ta ce, "Umma, saurari wannan." Muryar wani namiji ce yana karanta littafina, tun daga layin farko na gane. An canza masa suna, babu sunana ko'ina, dubban mutane suna saurare suna sa masa albarka. Wallahi ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba. Da na bi har ƙarshe sai na tarar ya canza ƙarshen labarin. Yarinyar da na bari ta koma makaranta bayan mutuwar aurenta, wadda don ita na rubuta littafin, shi sai ya mayar da ita gidan mijin don a ji daɗi. Kwana na yi ban yi barci ba. Ɗana ya cike mini takardar ƙorafi ta YouTube, aka sauke. Da yaron nan ya zo ya tambaye ni, da na ba shi, wataƙila ko sisi ba zan karɓa ba.

Shaida kuwa, bayan haka wata yarinya ta zo har gida da mahaifiyarta, ta ce tana son karanta wani littafin nawa. Muka rubuta 'yar takarda rabin shafi, muka sa hannu. Har yau tana turo mini kasona, wani watan kuɗin katin waya ne kawai, amma in ya shigo ina jin daɗinsa.

Maman Ilham 'yar'uwata, Allah ya saka wa Goggo da alheri. Ga inda za ki fara. Koma ki buɗe shafin sadaukarwa da na godiya. Mu marubutan wancan lokaci ba ma barin kowa a baya: iyaye, maigida, ƙawaye, malamin Hausa na sakandare, har unguwa mukan ambata. Nan ne adireshin gaskiya yake, ba na shago ba. Bayan haka tsofaffin masu sayar da littafi na wajen Bata sun san gidan kusan kowace marubuciya, don su suke zuwa ɗaukar kaya. Akwai kuma ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano, da ƙungiyoyin marubuta mata, ba a rasa wanda ya je jana'izarta.

In kin gano gidan, kar ki fara da saƙon waya. Ki je da ƙafarki tare da wani babba. Ki fara da gaisuwar rashi ko da an shekara goma sha, sannan maganar littafi ta biyo baya.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Wasu daga cikinmu, in matsi ya yi matsi, sukan sayar wa ɗan kasuwa farantan da ake buga littafin da su, ya ci gaba da bugawa yana sayarwa. Kina iya haɗuwa da wanda zai ce miki littafin nasa ne, ya saya. Wannan sai masana doka su yi mana bayani.

Barista Abban Yusra, Kaduna

Wa alaikumus salam. Hajiya ta riga ta yi rabin aikin, ni zan ɗora abin da doka ta ce, a kan abin da kika bayyana a nan.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta haƙƙin littafi yana nan muddin marubuci yana raye, sannan ya ƙara shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. In da gaske a 2011 ta rasu, littafin nan yana da masu shi har ƙarshen 2081. Don Sadiq ya gane cewa tsufan takarda ba shi ne ma'auni ba: Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka rubuce-rubucensa, waɗanda kakanninmu suka karanta a makaranta, ba za su fita daga kariya ba sai ƙarshen 2051. Ba kuma sai an yi wa littafi rajista ba kafin ya samu wannan kariya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, NCC, tana yin rajista, amma don shaida ne. Ƙonewar shago ko ƙarewar littafi a kasuwa ba sa kashe haƙƙi.

Karanta littafi gaba ɗaya a naɗi murya, da sa shi inda kowa zai iya saurare a intanet, duka biyun suna cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai haƙƙi. Rubuta sunan marubuciya wajibi ne daban, ba ya zama izini. Jimlar nan ta "ba ni ne mai wannan aiki ba" da ake liƙawa a ƙasan bidiyo ba ta kare kowa, hasali ma shaida ce cewa mutum ya san kayan wani ya ɗauka. Akwai abin da doka ta yarda a yi ba tare da tambaya ba, kamar tsakuro 'yan layuka don sharhi ko nazari, amma awa bakwai daga bango zuwa bango, da niyyar samun kuɗin talla, ya wuce nan nesa.

Game da Goggo kuwa, kwantar da hankalinki. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda aka ƙulla a Maroko a 2013 musamman don makafi da masu larurar gani, kuma dokar 2022 ta shigar da ita a sashe na 26. Littafin Goggo ne, da kuɗinta ta saya, ke kuma mai kula da ita kin mayar mata da shi yadda za ta iya amfana. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi tanadin dominsa. Inda aka fita daga inuwar shi ne ranar da ya faɗa zauren WhatsApp. Ki roƙi masu zauren su goge, ki daina turawa, in kin haɗu da iyalan kuma ki faɗa musu da bakinki kafin su ji a waje.

Wa za ki nema? Doka ta ɗauki haƙƙin mallaka a matsayin dukiya, ana sayar da shi, ana gadonsa. Tunda sunanta ne a jikin "(m)" ɗin, magadanta ne masu magana. A kan ɗan kasuwar da Hajiya ta ambata: sayar da haƙƙi kacokan ba ya tabbata sai a rubuce. Haka yake a sashe na 30 na sabuwar doka, haka yake a tsohuwar da ke aiki a 1996. Wanda ya sayi faranti ya mallaki faranti. In ya ce haƙƙin ya saya, ki ce cikin ladabi ya nuna takarda. In ya nuna, ki karanta da kyau, don sau da yawa izinin bugawa a takarda kawai aka ba shi, ba a yi zancen murya ba.

Izinin da bai hana a ba wani ba, doka ta yarda a yi shi ko da baki. Amma kar ki yarda ki tsaya a baki. Magada suna da yawa, yau kun yi da wannan, gobe wancan ya taso. Takardar ba sai ta yi tsawo ba, kuma da Hausa ma ta yi. A sa sunan littafin da kashi nawa ne, a ce muryarki za ki naɗa, a faɗi inda za ki sa shi, a ce ko'ina a duniya za a iya saurare tunda ga shi har Maraɗi ya kai, a faɗi shekara nawa, da kason da za a ba su da lokacin biya, da cewa ba za ki canza komai a labarin ba. Abin da aka yi wa Hajiya na canza mata ƙarshen labari laifi ne mai zaman kansa a doka, ko da an ba mutum izinin karantawa. A kuma rubuta na wane ne naɗin muryar, don shi ma yana da haƙƙinsa na shekara 50. Ba wani farashi da doka ta yanka, abin da kuka daidaita ne. Ki dai gaya musu gaskiya cewa YouTube ba ya fara biyan kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kada su zaci wata mai zuwa za a fara rabo.

Zanen bango da kiɗan da Sadiq ya ce a sa a ƙasa, kowanne da mai shi daban. In ba ki da izininsu, bar su. Ƙorafi uku na haƙƙin mallaka cikin kwana 90 sun isa a rufe tasha da duk abin da ke cikinta. In kuma kin aika an yi shiru, shirun ba izini ba ne.

Abu Hafsat, Zariya

Allah ya saka wa Barista. Zan ƙara ta fuskar addini, tunda 'yar'uwa ta yi tambaya a kan alhaki.

Akwai malaman da suka tafi a kan cewa ilimi ba a killace shi, don haka ba sa ganin wannan haƙƙi. Amma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disambar 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, suna da ƙimar dukiya, bai halatta a keta su ba. Hadisi kuma ya tabbata cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa.

In dukiya ce, to ta shiga gado, ko da ranar rabo ba wanda ya tuna da ita. Kada ki ɗauka 'ya'ya kaɗai ne. Matar da ta rasu ta bar 'ya'ya, mijinta yana da ɗaya bisa huɗu, mahaifi da mahaifiya in suna raye kowanne ɗaya bisa shida, sauran na 'ya'ya in akwai namiji a cikinsu. In wani daga cikin waɗannan ya rasu bayanta, kasonsa ya gangara ga nasa magadan. Ki tambaya wa da wa ke raye ranar da ta cika, ba yau ba. In akwai yaron da bai mallaki hankalin dukiyarsa ba, waliyyinsa ne zai yi magana a madadinsa, kuma ko manya sun ce sun yafe nasu, ba su da ikon yafe na maraya.

Sadiq Mai Kyamara

Na ji Hajiya, na ji Barista, Allah ya huci zuciyarku. Na janye maganar a ɗora kawai. Amma har yanzu abin yana damuna. Littattafan nan ɗaruruwa ne, takardarsu irin ta jarida ce, gara da damina suna cinye su. In sai an nemo kowane magaji kafin a karanta, Anti mai ɗinki a Funtuwa guda nawa za ta iya bi? Wanda ba a gano gidansu ba fa, shi ke nan ya mutu?

Hajiya Mai Alƙalami, Kano

Wannan damuwar taka gaskiya ce Sadiq, ni ma akwai littafina guda da ba ni da ko kwafi ɗaya. Amma mafi yawanmu muna nan da rai, waɗanda suka rasu kuma gidajensu ba su ɓata ba, ba a dai nema ne. Maman Ilham, turo mini hoton shafin godiyar ta akwatin saƙo, in gwada sa'a.

Maman Ilham, Funtuwa

Assalamu alaikum. Sati biyar ke nan, na dawo in ba ku labari, don haƙƙinku ne ku ji.

Kwana uku da tura wa Hajiya hoton ta kira ni. Wata ƙawar marigayiyar da aka ambata a shafin godiya, ashe tare suke zuwa Islamiyya da ƙanwar Hajiya. Ranar Asabar muka kama hanya ni da maigidana, ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo, Hajiya ta tare mu a Kabuga ta raka mu har cikin gari. Allah ya saka mata, ba ta taɓa ganina ba sai ranar.

Babbar 'yar marigayiyar muka samu, ma'aikaciyar jinya ce. Su uku marigayiyar ta bari, mata biyu da namiji ɗaya, autar shekararta biyu lokacin, yanzu tana aji biyar na sakandare. Mahaifinsu ya rasu a 2019, ya bar wata matar da 'ya'ya huɗu. Mahaifiyar marigayiyar kuwa tana nan da ranta, tsohuwa tukuf, a ɗakinta aka yi mana shimfiɗa.

Bayan gaisuwa na fara da abin da Barista ya ce, na faɗa musu muryata ta riga ta zaga da littafin uwarsu ba da saninsu ba, na nemi gafara. Babbar ta yi shiru ta jima, sannan ta ce ta taɓa jin wata a wurin aiki tana saurare, ta gane labarin Mama ne, ta shiga ɗakin magani ta yi kuka, ba ta san wa za ta tambaya ba. Jikina ya yi sanyi ƙwarai.

Ta tashi ta ɗauko abin da ya rage musu: kashi na ɗaya da na biyu, da littafin rubutu guda biyu da hannun marigayiyar, biro shuɗi, ta soke wasu layuka ta gyara a gefe. Kashi na uku ruwa ya ci shi shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo. Autar ba ta taɓa sanin yadda labarin ya ƙare ba. Na Goggo yana cikin jakata, dama ta ce in na ga da hali in bar musu. Na miƙa wa yarinyar, ta karɓa da hannu biyu, ta shafa zaren da Goggo ta ɗinke bangon da shi.

Tsohuwar ta ce a kunna mata ta ji. Na kunna daga farko, inda na karanta sadaukarwa, sai ga sunanta ya fito, don ita aka sadaukar wa littafin. Ba ta yi boko ba, shekara kusan talatin ana gaya mata sunanta yana ciki amma ba ta taɓa jin an karanta ba. Ta ce a mayar baya. Sau uku ana mayarwa.

Mun kuma samu tsohon mai shagon, yanzu kayan makaranta yake sayarwa. Ya ce ya taɓa karɓar farantan ya buga sau biyu, amma ba su rubuta komai ba, kuma shi ba ya da'awar komai, a gaida masa yaran.

Ga abin da muka tsayar. Shekara biyar, YouTube da Facebook kawai, ba a hana su ba wa wani ba. Sunan marigayiyar ne zai fara fita a kowane kashi kafin nawa, ba zan canza ko kalma ɗaya ba, babu kiɗa, babu hoton bangon. Kashi 40 cikin 100 na duk abin da ya shigo nasu ne, duk wata uku in tura tare da hoton lissafin da YouTube ya nuna. Naɗin muryar nawa ne. Limamin unguwarsu ya yi musu lissafi a kan 48: mijin 12, tsohuwa 8, namijin 14, matan 7 kowacce. Goma sha biyun mahaifinsu za a sake raba wa nasa magadan, har da ɗaya ɗakin. Babbar ta ce da kanta za ta je ta yi wa matar babansu bayani, kawunsu kuma zai sa hannu a madadin autar.

Ban ɗora komai ba tukuna, Goggo kaɗai nake karanta wa. Saura sa hannun namijin, yana aiki a Fatakwal, ya amince ta waya amma ba zai zo gida ba sai da Sallah. Barista, don Allah, in ya sa hannu ya ɗauki hoton takardar ya turo ta WhatsApp ya wadatar, ko in ba direba ita a tasha a kai masa ya sa a dawo da ita?